Yadda Ake Jawo wa Suruki Ruwa da Injin Amprimanti

Ɗan'uwa, in kana da suruki mai garka, ruwan rijiyarsa ya yi ƙasa, kai kuma tafin hannunka bai saba da igiya ba, to ka zo inda ya dace. Ni ne Sallau mai gyaran rediyo a bakin kasuwar Dole, nan Damagaram. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan yadda na bi su, kafin sati ya zagayo duk Mirriya ta san sunanka. Da kaina na gwada, a shekarar da fara ta cinye ɗan abin da fari ya rage.

Mataki na ɗaya: Samo injin da ba ka san aikinsa ba

Ka zagaya bayan wani biro na proje, wato ofishin masu ayyukan raya ƙasa, inda suke zubar da matattun kaya. Ni amprimanti na tsinta, na'urar nan da ke buga takarda daga ordinatar, wato kwamfuta. Ka farke cikinta. Za ka ga ɗan inji mai nauyi, bai kai gwangwanin tumatir ba, da wayoyi huɗu. In ka murza sandarsa da yatsu za ka ji tana tafiya ƙiris-ƙiris, kamar da haƙora a ciki. Kada ka tsaya tambayar dalili. Ka ce ƙarfi ne ya yi masa yawa.

Akwai wani koren allo da wayoyin ke shiga. Yanke shi ka jefar. Gwani ba ya yawo da tarkace.

Mataki na biyu: Yi alkawari tun daga nesa

Surukina, Baba Yusufu na Mirriya, bai ɗaure ko dami biyar ba a wannan kaka. 'Ya'yansa maza biyu sun tafi Kano neman abin aikowa, jakin ma an sayar an sayi hatsi. Abin da ya rage wa gida mai mutum goma sha ɗaya shi ne garka: kabeji, albasa, da ɗan tumatir. Rijiya gaba goma sha biyu, tsoho ke jan guga shi kaɗai.

Matata Kulu ta ce, "Maigida, ka je ka kama wa Baba jan ruwa ko na sati biyu ne. Rediyon ma wa ke kawo maka gyara yanzu?"

Gaskiya ta faɗa, mutanen da yunwa ta sa suke jiƙa 'ya'yan anza masu ɗaci suna ci ba ta rediyo suke ba. Amma kai kada ka yarda. Ka gyara hula ka ce, "Ni da ilimina na wutar kuran zan ja guga? Inji zan kai masa." Sannan ka ba direban motar Mirriya saƙo, domin labari ya riga ka isa.

Mataki na uku: Tara shaidu

Ka aro batirin babur. Ka kafa wa sandar injin 'yar gangar itace da za ta naɗe igiya. Ka sa rigarka ta Juma'a.

Da na isa garkar da hantsi, na tarar da masu garka sun fi ashirin a bakin rijiya. Baba Yusufu bai shayar da komai ba tun safe, ya ce inji na tafe. Ganyen kabeji har ya fara langaɓewa. Na durƙusa na gaishe shi, ya ce, "Sannu da hanya, Sallau. Ina injin?" Na zaro shi daga aljihu.

In ka ji wuri ya yi tsit a daidai nan, ka ɗauka girmamawa ce.

Mataki na huɗu: Haɗa wuta, ka nemi abin faɗa

Ka zaɓi wayoyi biyu ka ɗora a kan batir. Injin zai yi tak, ya motsa kamar faɗin farce, ya ƙame. Ka juya wayoyin, ya sake yin tak, ya ƙame. Ka kama gangar za ka ji ta riƙe gam, jikinsa kuma ya fara zafi.

Baba Yusufu ya leƙa rijiya, ya leƙo ni. "Ya fara ne, ko ya gama?"

"Yana ɗaukar zafi ne, Baba."

Wani daga baya ya ce, "Mu ma tun ɗazu shi muke ɗauka."

Mataki na biyar: Ka yi fatan babu malamin lakkwal, wato makarantar boko, a kusa

Ni dai ban dace ba. Mai garkar maƙwabta shi ne Mushe Habu, wanda ya koyar da aikin kuran shekara talatin kafin ya yi ritaya. Ya karɓi injin, ya murza a bakin kunnensa, ya ce, "Malam, ai wannan pazapa ne, mai taku ɗaya-ɗaya. Ina allonsa?"

Na ce ya ɓace a hanya.

Ya tsuguna ya zana a ƙasa da tsinke. Ya ce a tsakiyar injin akwai maganaɗisu, a kewayensa kuma naɗin waya ƙungiya biyu, kowace da wayoyinta biyu. In ka ba ƙungiya ɗaya wuta, sai ta fizgo maganaɗisun ya daidaita da ita, ya tsaya cak. Ba zai ƙara gaba ba sai ka ɗauke wutar ka ba ta biyu. Daga nan ka koma ta farko da wayoyi a juye, sai ta biyu a juye, haka bi da bi. Koren allon nan shi ke wannan rabon wuta, sau ɗaruruwa kafin ka ƙifta ido.

"Naka taku arba'in da takwas yake yi kafin ya zagaya sau ɗaya," in ji shi. "Wasu ɗari biyu. Ba don ƙarfi aka yi shi ba, don ƙirge aka yi shi. In an ce taku bakwai, bakwai zai yi. Shi ya sa yake tura takarda layi-layi a amprimanti, yake jan fitilar fotokofi, yake bi da zane a keken surfani na zamani, har injin likita da ke ɗiga wa majinyaci magani daidai awo."

Mataki na shida: Kada ka saduda da wuri

Na ce to ni zan zama allon. Na zauna ina taɓa wayoyi bi da bi, tak, tak, tak. Wallahi ya juya! Na ɗago kai ina jiran tafi. Mushe Habu ya auna gangar da taƙi, ya ce kafin guga ya fito sai na yi taku dubu huɗu da ɗoriya. Muka rataya masa gugan ba ruwa a ciki, sai ya hau kakkarwa, igiya ta warware, guga ya koma rijiya.

Ba wanda ya yi dariya da ƙarfi, saboda Baba. Wannan ya fi min ciwo. Rana ta take, tsoho ya dubi kabejinsa, ya tofa yawu a tafin hannu, ya kama igiyar.

Mataki na bakwai: Tuɓe rigar

A nan ilimina ya ƙare, don haka ba ni da dabarar da zan ba ka. Na tuɓe riga na ce, "Baba, kawo." Guga na goma hannuna ya yi bororo, na talatin ya fashe. Na kwana arba'in da uku a Mirriya, ni ke ja, shi ke bi da ruwa fangali-fangali. Tumatir ya mutu, amma kabeji da albasa sun yi, su suka riƙe gidan har saƙon Kano ya fara zuwa.

Bai taɓa yi min maganar injin ba sai ranar da zan koma. Ya rako ni bakin titi, ya miƙo min ƙullin albasa, ya ce, "Sallau, da cewa ka yi kawai za ka zo, da tun ranar na yi murna. Mutum nake nema a bakin rijiyar nan."

Sanarwa

Duk wanda ya bi matakan nan batirin aro ya mutu a hannunsa, ko guga ya faɗa rijiya, ko aka laƙaba masa suna Pazapa har jikokinsa suka gada, babu ruwan Sallau. Mai ƙorafi ya same ni a shago, amma kada ya miƙo hannu mu gaisa da ƙarfi, tabon igiya bai gama warkewa ba.