Yadda Za Ka Ɗaga Kan Babur Ka Burge Surukarka

Kai mai karatu, in kana so ka sa babur ya miƙe a kan tayar baya, ta gaba tana lilo a sama, jama'a na riƙe da baki, to ka zo inda ake yi. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, kan babur zai tashi. Inda zai sauka kuwa, wannan ba ya cikin alkawarin. Dabarar ta Abarshi ce, kukun wani Bature mai neman zinariya a dajin Birnin Gwari. Ya gwada ta da jikinsa bara waccan, kuma yana nan da ransa, illa dai har yau ba ya iya waiwayawa ta hagu.

Mataki na 1: Samo babur, amma kada ya zama naka

Mai abu yana tausayin abinsa, tausayi kuwa shi ne babban abokin gabar wannan sana'a. Ka ga a zamanin nan namu duk babur ɗin da ke ƙasar Birnin Gwari na Turawa ne ko na manyan ma'aikata. Saboda haka nemi Bature, ka yi haƙuri da halinsa har ya tafi hutu.

Baturen Abarshi da zai tafi ƙasarsu ya ba shi makulli, ya ce ya riƙa tayar da babur yana ɗumama shi don kada zama ya kashe shi. Bai ce a hau ba. Amma da Abarshi ya zauna ya yi nazarin maganar, sai ya ga ai bai ce kada a hau ba. Ko doki ma ba a turke ake motsa masa jini ba.

Masu baƙin ciki za su ce maka kayan aro ba ya rufe katara. Ce musu kai ba katara ka fito rufewa ba.

Mataki na 2: Samo dalili, ya kasance mai zafi

Ba mai hankalin da zai ɗaga kan babur haka kawai. Sai an sami abin da ke cin rai.

Abin da ke cin ran Abarshi shi ne matarsa Furera, wadda ta tafi gidansu a Kuyello wankan haihuwar fari. Aka yi arba'in, aka wuce. Ya aika, uwarta Inna Saude ta ce jinjiri bai yi ƙwari ba. Ya sake aikawa, ta ce rafi ya cika. Rafi ya janye, ta ce sai an gama yankan dawa. Aka yanke dawa aka kai rumbu, ta ce ita ba ta ga abin gaggawa ba.

Abarshi yana kewar matarsa, yana kuma mutuwar son ya riƙe ɗansa. Amma ɗan fari ne, ba dama ya nuna, ko sunansa ba ya iya faɗa a gaban mutane. Tun ranar suna da ya hango shi daga nesa cikin zane bai ƙara ganinsa ba. Ranar sunan kuwa ya ci ado da wani tsohon takalmin Baturensa mai igiya har ƙwauri. Da Inna Saude ta fito zaure, ya sunkuya zai cire ya gaishe ta, igiya ta ƙulle. Kafin ya kwance ƙafa ɗaya ta gaji da tsayuwa ta koma ciki. Shi a wurinsa wannan ba komai ba ne, har ya manta. Abin da ya sa a ransa shi ne tsohuwar ta raina shi don yana dafa wa ƙato abinci. Ya ce to, zai shiga Kuyello shigar da ba namijin da ya taɓa yi.

Lura da kyau: kada ka tambayi kowa ainihin laifinka. Tambaya tana ɓata shiri.

Mataki na 3: Zaɓi wurin koyo

Shiga daji sosai, inda ba ɗan Adam. Birai za su taru a kan itatuwa su yi kallo, amma su ba sa kai labari kasuwa.

Ga yadda ake yi. Matse kuloci, sa giya, murɗa totur har babur ya yi kukan neman agaji, sa'an nan ka saki kuloci gaba ɗaya, ka ja kan da ƙarfi kamar mai jan guga. In babur ya mutu, totur ya yi kaɗan. In ka farka ka ga sama da ganyaye, ya yi yawa. Tsakanin waɗannan biyu akwai daidai, Abarshi dai bai same shi ba.

Kada ka kori ƙudan tsando. Shi ne malamin da ba ya karɓar ladan koyarwa, in ya cije ka a wuya za ka murɗa totur yadda ba ka taɓa zato ba.

Mataki na 4: Nemi shawara wurin waɗanda ba su taɓa hawa ba

Wanda ya iya babur zai ce ka bari. Irin wannan ba ya da amfani.

Abarshi ya yi sa'a da Modibbo, wani dattijon Bafulatani da ke kiwo a gefen dajin, wanda ƙarar babur ta watsa wa shanu har ya zo ganin mai wannan aiki. Ya dogara da sandarsa ya daɗe yana kallo, sa'an nan ya ce, "Malam kuku, abin nan namiji ne ko mace?"

Abarshi ya ce, "Baffa, ƙarfe ne."

"To shi ya sa. Bijimi ba ya ɗaga gaba sai ya ga dalili. Kana ba shi kanwa?"

"Fetur yake sha."

"Shi kaɗai? Ba ya kiwo?" Modibbo ya girgiza kai, ya ce lalle Nasara ba su da tausayin dabba.

Na biyu shi ne Mailafiya mai ɗori, wanda a duk garin shi kaɗai ya ƙarfafa masa gwiwa. Duk lokacin da Abarshi ya shigo yana ɗingishi, sai ya ja shi ya murza, ya ce, "Abarshi, kada ka karaya, saura ƙiris. Gobe ka ƙara wuta." Tun da aka fara koyon nan gidan Mailafiya ba a kwana ba nama a miya.

Mataki na 5: Koyi faɗuwa

Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, saboda haka gara ka saba da ita tun da wuri. Akwai faɗuwar gefe, wadda babur ke kwanta maka a ƙafa, salansa ta yi maka tambari. Akwai ta gaba, wadda kake riga babur isa inda za ku. Akwai kuma ta kan suri, ita ce mafi tsada, don mazauna gidan ba sa son baƙo.

In ka faɗi, kada ka tashi da sauri. Kwanta ka dubi taya kamar dama abin da ya kawo ka ƙasa ke nan.

A irin wannan kwanciya Modibbo ya tarar da Abarshi wata rana, ya tsuguna kusa da kansa ya ce, "Ni fa na ga laifinka. Kai kake danne masa gaba da ƙirjinka saboda tsoro. Jaki ma in kaya ya zame masa baya, zama yake yi ya ɗaga hannuwa. Ɗaura masa nauyi a gindi ka gani."

Mataki na 6: Ɗaura kaya a baya

Ka ga inda Allah ya haɗa maka abu biyu, don ba a zuwa gidan surukai hannu rabbana. Abarshi ya sayo buhun gishiri, da ƙunshin goro, da kanwa, da turmin zane, ya jibga su a kan kariya. Igiya ta ƙare kaya ba su ɗauru ba. Ya duba hagu ya duba dama, sai idonsa ya faɗa kan takalmin nan na Bature da ke ƙafarsa. Ya zare igiyoyin duka biyu ya ƙarasa ɗauri da su, ya zura ƙafa cikin takalmi yana lanƙwam-lanƙwam.

An ce ba a fafe gora ranar tafiya. Wannan magana ce ta masu gora. Kai mai babur ne, kada ka gwada kayan, kama hanya kawai.

Mataki na 7: Shiga gari da la'asar

Zaɓi lokacin da maza suka dawo daga gona, mata suna hanyar rijiya. Abin burgewa ba ya da amfani in ba idanu.

Abarshi ya iso bakin Kuyello jikinsa duk jar ƙasa. Ya hango mutane a gindin ɗorawa, ya yi bisimilla, ya matse kuloci, ya murɗa, ya saki. Gishiri ya yi aikinsa. Kan babur ya tashi sama a hankali, ya tsaya, ya ci gaba da tafiya a kan taya ɗaya. Kaji suka watse, wani tsoho ya saki carbinsa. Abarshi ya ji daɗin da bai taɓa ji ba tun da uwarsa ta haife shi, har ya fara tunanin wace fuska zai yi in ya wuce ƙofar gidan su Furera.

A nan ne ya kamata in koya maka yadda ake saukar da kan. To, Abarshi bai kai ga wannan darasi ba, ni kuma ba na ƙara abin da ba a gwada ba.

Mataki na 8: In ka haɗu da surukarka a hanya

Yi addu'a kada ka haɗu da ita. In kuwa ka haɗu, ba ruwanka da tunani, jikinka zai yi abin da aka hore shi a kai tun yana yaro.

Abarshi ya leƙa ta gefen tanki, sai ga Inna Saude tsakiyar hanya da tulu a ka. Bahaushe kuwa ba ya wuce surukarsa a kan jaki, balle a kan babur, balle babur ɗin yana tsaye. Kafin hankalinsa ya ce wani abu, ƙafafunsa sun riga sun bar wurin takawa suna neman ƙasa. Takalman da ba igiya suka fice, ɗaya gabas ɗaya yamma. Igiyar kaya ta tsinke, gishiri da goro da zane suka zube a gaban tsohuwar. Shi kuma ya sulale ta baya, ya dira a tsugune bayan kayan, ƙafa ba takalmi, kai a sunkuye.

Da zai rabu da babur hannunsa ya ƙara murɗa totur. Babur ya wuce ta gefen Inna Saude shi kaɗai, a tsaye, ya yi tafiyar da ko da mahayi bai yi irinta ba. Ya keta zana, ya ratsa tsakar gidan wani, ya je ya ɗora tayar gaba a jikin rumbu kamar mai leƙen hatsi, ya mutu a nan.

Abarshi, wuyansa a karkace, ya ce, "Inna, barkanku da yamma. Mun same ku lafiya?"

Inna Saude ko ɗigon ruwa bai zuba daga tulunta ba. Ta dubi kayan, ta dubi ƙafafunsa, ta dubi rumbu. Ba ta yi masa magana ba, don ita ma tana da tata kunyar. Sai ta juya ga matan da ke bayanta ta ce, "Ranar suna yaron nan ya tsaya mini da takalmi a ƙafa, na ce zama da Nasara ya cinye masa ladabi, ba zan mayar da 'yata gidan da ba a san girman manya ba. Ashe ban fahimce shi ba. Wanda ya jefar da babur ɗin Bature yana cikin gudu don ya gaishe ni, ba zai wulaƙanta mini 'ya ba. Ku ce wa Furera ta haɗa kayanta."

Kada ka gyara mata labari. Abarshi bai gyara ba, kuma duk cikin abin da ya yi wannan ne kaɗai na hankali.

Mataki na 9: Koma gida a ƙasa

Washegari Modibbo, da labari ya kai masa, ya kawo takarkari aka ɗora babur a kai, ya ce dama tun farko haka ya kamata a riƙa tafiya da shi. Abarshi ya bi baya da takalma rataye a kafaɗa, Furera na biye da goyo.

Da suka yi nisa cikin daji, Modibbo ya ja takarkarinsa ya yi gaba, ya ƙi waiwayowa. Furera ta ce, "Maigida, an ce jiya ka tashi sama. Ni ina ɗaki ban gani ba, ko za ka sake?"

Ya ce, "Ke dai bari."

Ta yi dariya, ta duba gaba ta duba baya, ta kwance goyon ta miƙa masa. "Ungo, riƙe mini in gyara zane. Ba kowa a nan sai birai."

Abarshi ya karɓi ɗansa. Yaron ya kama masa gemu ya ja, ta ɓangaren da wuyan ke ciwo, Abarshi ya bar masa gemun. Furera ta daɗe da gama gyara zane, bai mayar ba, ita ma ba ta tambaya ba. Haka ya rungume shi har suka hango rufin gari.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ya wanke hannunsa daga duk abin da zai biyo baya: karayar ƙashi, zanar maƙwabta, rumbun mutane, da abin da za ka faɗa wa Bature in ya dawo. Abarshi ya ce masa birai ne, har yau Baturen yana kulle babur da sarƙa saboda su. In ka bi matakan nan ka sami kanka a hannun Mailafiya, shi za ka tuhuma, ni ban san ka ba. In kuma surukarka ba irin Inna Saude ba ce, ko takalminka ya ƙi fita, to ka bar babur a inda yake, ka tafi a ƙasa, ka cire takalmin tun daga bakin gari.