Rabin Galan da Kan Sarki

"…ya gajiya kuma? Au, na manta, bawa ba ya gajiya. Shigo ka rufe mini ƙofa, kar sanyi ya ƙarasa mini yarinya."

Saudatu ke nan take tarbar taubashinta Zailani a flat ɗinta na Woolwich. Lokacin da Larabawa suka murɗe famfon mai ne, masu haƙar kwal na Ingila kuma suka ɗaure fuska, har masana'antu suka koma aikin kwana uku a mako. London guda ta zama layi, daga na fetur sai na kyandir. Uwar Zailani ƙanwar uban Saudatu ce, shi ya sa tun suna wasan ƙasa a Zariya take kiransa bawa. Yau da rana ya bugo waya wai watan cika-ciki ya kama, zai zo karɓar kuɗin shara. Ita kuwa ta ce sai ya samo kananzir na hita, don jaririyarta Karimatu ta kwana biyu tana tari.

Abin da ba ta sani ba, a aljihun kwat ɗinsa akwai wasiƙa. Ya gama karatun injiniyan mai, wani kamfanin Turawa ya ba shi aiki a tekun Arewa, ya sa hannu, ya manna kan sarki. Yau ce ranar ƙarshe ta amsa. Akwatin wasiƙa huɗu ya wuce a hanya, wallahi hannunsa ya ƙi fita daga aljihu.

"Ranki ya daɗe, 'yar kawu, uwar ɗakin da ba wuta," in ji shi, ya dire galan.

Ta ɗaga, ta girgiza. "Rabi? Ɗan ƙasar mai guda, ka yi yawon Woolwich kaf ka dawo mini da rabin galan? Kurɓa ka yi a hanya?"

"Ki gode Allah. Mai kantin cewa ya yi in je in roƙi 'yan'uwana Larabawa."

"Ka yi masa kuka, na sani."

"Ni? Na ce masa, Malam, jirgin da zai kawo muku ɗumi jibi daga rafin garinmu ya yi lodi. Ka auna mini da ladabi. Ki ga yadda hannunsa ke rawa!"

"Sanyi ne ya sa shi rawa, ba kai ba."

"Ke dai ba ki son gaskiya. Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Jiya su ke da tuta a Kaduna, yau ga su da kyandir a hannu. Amurka na lallashinmu, Rasha na yi mana murmushi, Japan har rusunawa take. Zamanin iyayengiji ya wuce, ke ma ki shirya, baɗi ke za ki share mini ɗaki."

"Tafɗi! Bawa ya ga gari ya yi duhu ya ɗauka sarauta ta faɗo masa. To murmushin nan, kai suke wa ko rijiyarka? Su ɗebi ɗanye a wurinmu, su tace, su sayar maka da rabin galan har da baƙar magana. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi."

"Ai shi ya sa za mu gina matatu."

"Ku wa? Kai da ko fitilar ƙwai ba ka iya gyara wa Goggo ba?"

"Fitilar da kika fasa kika ce mage ce?"

"Zuba man, sarkin surutu."

Ya durƙusa gaban hita, kwat ya buɗe, wasiƙa ta zamo ta faɗi gaban ƙafarta. Kafin ya miƙa hannu ta taka. Ta ɗauka, ta karanta adireshin, ta dube shi sama da ƙasa. Zailani ya ji kunya ta rufe shi har wuya.

"Aberdeen," in ji ta. "Can aka mayar da Zariya?"

"Ba ni kayana."

"Bawa ba ya da kaya. Wato duk cika bakin nan, ashe rijiya za ka je ka tona musu don su daina rusuna mana?"

"Saudatu, wata huɗu ina rubuta wa Legas." Muryarsa ta sauka. "Ko 'mun gani' ba su ce ba. Waɗannan kwana tara suka amsa. In ban yi posting kafin ƙarfe biyar ba, na rasa nan na rasa can."

Karimatu ta yi tari a cikin bargo. Saudatu ta jijjiga ta, ta yi shiru kaɗan, don ta ji tausayinsa ƙwarai. Amma taubashiya ba ta tausayi da baki.

"Yo Legas amarya ce da za ka tsaya aika mata wasiƙa? Tafiya za ka yi ka zauna musu a ƙofar ofis, ka dame su yadda kake damuna, na rantse kwana uku ba za su iya ba. Kuma bari ka ji: ni na gaje ka. Tun ran sunanka aka ba ni kai. Bature bai isa ya saye ka ina raye ba, Amurka ma ta zo da kuɗinta a buhu ta koma da abinta."

"To in na je aka bar ni a rana fa?"

"Ranar gidanku ce. Zomo ba bawan giwa ba ne, dawa suka tara. Goggo shekara shida tana kallon hanya, kai kana nan za ka shiga teku kamar kifi."

"Ki dai ce ba ki son rasa mai ɗauko miki kananzir."

"Rabin galan? Allah ya kiyaye. Kunna mini hita, yarinya na jin sanyi."

Ya ƙyasta ashana, ta mutu kafin ta kai lagwani. Ya ƙyasta ta biyu, ta ƙone masa yatsa. Saura ƙwaya ɗaya a kwali.

"Sai da takarda mai tsawo," in ji Saudatu, ta ajiye wasiƙar a gefensa, ta kau da kai.

Agogon bango ya nuna biyar saura kwata. Zailani ya dubi agogon, ya dubi bargon da ke tari. Can sai ya fashe da dariya, ya soma murɗa wasiƙar kamar tufkar igiya.

"Tsaya!" ta ce. "Ɓamɓare kan sarkin tukuna, kar su ce mun ƙona musu mutunci. Ka lura kuwa? A garin nan ko kan sarki kan mace ne."

"Na sallama, uwar ɗakina. Allah ya ja zamaninki."

Wuta ta kama lagwani, ta zagaye shuɗiya, ɗumi ya fara taso musu. Saudatu ta jawo aljihun tebur, ta ciro takardar jirgi sabuwa fil, ta cilla masa a cinya.

"Ga kuɗin shararka. Rubuta wa Goggo, ka faɗa mata ranar da za ta sa a share maka ɗaki."