Rasuwar Olfala, Motar Makarantar Bakin Gaɓa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ido ɗaya a kan teku, Malama Leitangi Kalmet, shugabar makarantar firamare ta bakin gaɓa, tana sanar da iyayen yara da dattawan coci da duk mutanen tsibirinmu rasuwar Olfala, a-kori-kurar makaranta, mota ɗaya tilo a wannan yanki. Ta cika ranar Talata da hantsi, a hawa na biyu na hanyar tudu, tana da shekara ashirin da shida.

Marigayiyar mai haƙuri ce. Ta ɗauki kwakwa da doya da aladu da masu naƙuda, ba ta taɓa tambayar gidan su wa aka fito ba. Kowa ya san gaisuwarta ta safe: "Kirr... kirr... dum-dum-dum." Amma babban aikinta shi ne wanda ba a son ambata. Duk lokacin da rediyo ya ce mahaukaciyar guguwa ta doso Banuwatu, ita ke kwashe yara da tsofaffi zuwa cocin kan tudu, tafiyar kilomita tara, sawu huɗu, kafin teku ya hau gari.

Ciwon ajalinta ya faro ne da tari. Tana cikin tafiya sai ta ce "Tuf... tuf," ta yi shiru. A ba ta minti goma, ta tashi kamar ba ita ba. Kalorib Toara, mai gyaran injin kwalekwale, shi ya yi jinyarta, kuma Malama tana shaida cewa bai tsallake mataki ko ɗaya ba. Ya fara zargin iska a bututun mai. Ya sassauta bututun, ya fitar da kumfa, ta yi kwana biyu lafiya. Ya sake mata matatar mai. Sabuwar ta toshe cikin mako guda. Ya duba famfon mai, ya wanke nozul masu fesa mai cikin inji. Daga ƙarshe ya tsiyayo mai daga gindin tanki a kwalba, ya ɗaga ta a rana. Man dizal a sama, ruwa a ƙasa, a tsakaninsu wani baƙin yauƙi. Ya miƙa wa Malama kwalbar.

Ita kuwa ba ta bukaci bayani ba. Mu da ba mu da wurin tsayawar jirgi, a teku ake wurgo mana gangunan mai, maza su iyo da su zuwa gaɓa. Shi ya sa tun kakanni ba a taɓa man da ke gindin ganga, tsawon tafin hannu, nan ruwa ke kwanciya. Malama da kanta take koya wa 'yan aji shida wannan. To, jirgi ya yi lattin wata uku, wata mai ciki kuma tana bukatar asibiti. Malama ce ta sa aka karkata gangar har ɗigon ƙarshe. Tana roƙon kada a ɗora wa Kalorib laifi, kada kuma a ɗora wa jirgi. Ruwan gishiri ya riga ya cinye babban famfon, irinsa kuwa sai Port Vila, babban birnin ƙasa.

Maganarta ta ƙarshe ita ce "Tuf." Ba ta ƙara ba.

Ta rasu ta bar ɗalibai talatin da huɗu, bakwai daga cikinsu ba su kai shekara shida ba. Da tsofaffi huɗu da ƙafa ba ta ɗaukarsu. Da baro guda mai lanƙwasasshiyar taya. Ta kuma bar ƙaninta, janaretan ɗakin shan magani, wanda ya sha daga ganga ɗaya da ita. Tun jiya aka ji shi yana tari.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da sassafe. Gawar tana nan inda ta faɗi, an tura ta gefe don kada ta tare hanya. Masu rakiya za su taru a ƙofar makaranta, su taka da ƙafa, su wuce ta ba tare da tsayawa ba, har cocin kan tudu. Kowane babba zai riƙe hannun yara biyu. Maza takwas za su ɗauki tsofaffi a tabarmi da aka ɗaure a jikin gora. Kada a kawo furanni, kada a dafa laplap, abincinmu na taro, kuma ba shan kaba, jiƙon saiwar nan mai kashe jiki, daren Juma'a. A zo da ruwan sha da abin rufa kawai.

Malama za ta bi sahun ƙarshe da agogo a hannu, domin tana son sanin awa nawa tafiyar za ta ci. Rediyo ya ce akwai wata iska da ke taruwa a arewa, kuma tun safiyar yau an raɗa mata suna, irin wanda ake raɗa wa mahaukaciyar guguwa.