Ranar da Na Tsayar da Bindigar Kawu

Ko zan kai shekarun Kaka a duniya, ba zan taɓa mantawa da ranar da mutanen Gure suka fara jin muryata ba. Ni irin yaran nan ce da ko a lakol, wato makarantar boko, in mushe malaminmu ya yi mini tambaya, sai ya kama kunnensa kafin ya ji amsa. Ƙawayena suna cewa idona ya cinye rabon bakina, kuma gaskiyarsu. Na san wadda ta sake ɗankunne a aji, na san ranar da mushe ya zo da safa kala biyu, amma ban taɓa gaya wa kowa ba (sai yau, mushe a yi haƙuri).

Kakana, mahaifin Inna, tsohon maharbi ne. Yanzu ƙafa ta hana shi nisa, iyakarsa zabin daji a bayan tudun yashi. Ba ya yar da kwanson harsashi. In an harba sai ya tsince shi ya sake cikawa da kansa. Ina son zama ina kallonsa, amma daga nesa kaɗan, don ranar da ya fito da gwangwanin albarushi ko shayi ba a dafawa a tsakar gida. Sai ya auna baƙin garin da ɗan ludayinsa, ya danna tsumma, ya zuba ƙwayoyin darma, ya rufe da ɗan kwalin da ya yanka zagaye kamar kuɗin dala. Sannan abin da na fi so, naɗin baki. Yana da wani ɗan inji mai mariƙi, kamar ƙanen injin taliya, ɗaure a jikin katako. Zai sa kwanson ya riƙa juyawa a hankali har bakin ya lanƙwashe ya kwanta kan kwalin, sumul kamar kalmasar tela. In ya gama ya kai kunne ya girgiza, sai a ji ƙwayoyin suna motsi ƙasa-ƙasa.

"Amarya, kin ji?" in ji shi. "Zabuwa ce ke kuka tun ba a je ba." (Amarya yake kirana, irin wasan kaka da jika. Ni ko ramawa ban iya ba.)

Shi ne ya taɓa gaya mini cewa harsashin biki daban ne, ba a sa masa darma, sai ƙara da hayaƙi. Dole kuwa, domin a gidanmu in an zo ɗaukar amarya, Kawu Mamman, ƙanen Inna, ƙasa yake harbawa gaban samari masu rawa, yashi ya tashi, mata su rangaɗa guɗa.

To, bikin Yaya Falmata, ƴar Kawu, ya zo. Kaka ya cika na bikin ina lakol, ban gani ba. Da hantsin ranar ɗaukar amarya ya miƙo mini jakar fata ya ce in kai wa Kawu. A soro na tsaya, na zaro ɗaya don kawai in yaba naɗin bakin. Sai hannuna ya yi abin da ya saba gani, ya kai kunne ya girgiza.

Na ji motsi.

Na zaro na biyu. Shi ma haka. Jama'a! Na tuna kwanakin baya Kaka ya gaida turmi yana zaton Inna ce ke duƙe. Na ce shi ke nan, ido ya ci amanar tsoho, ya haɗa na zabi da na biki. Na hango ƙafafun samarin nan, na hango su ana jidarsu zuwa asibiti a kan amalanke.

Mai hankali me zai yi? Ya koma ya tambaya. Na koma ɗin. Na tarar da Kaka a rumfa, tsofaffi zagaye da shi ana raba goro. Ya ɗago ya ce, "Amarya, lafiya?" Duk suka juyo suna kallona. Na ce, "Lafiya lau," na juya. Na je wajen Inna a madafa, tana fama da tukunyar shinkafa, gumi har wuya. "Mene ne kuma?" Na ce, "Ba komai." Na je wajen Kawu, na miƙa masa jakar da hannu biyu, na buɗe baki, ya ce "Madalla ƴata," ya rataya ya wuce. Haka na wuni da maganar a raina. Ko lallen da aka yi mini ban ƙara kallo ba. Ina ta gaya wa kaina bayan azahar zan faɗa, daga nan na ce bayan la'asar.

Bayan la'asar ɗin dangin ango suka iso daga Gidigir, mota cike, wasu har saman kaya. Makaɗa suka ɗauka, samari suka shiga fili, sabbin takalma suna ƙyalli. Na ga Kawu ya karya bindiga, ya zura harsashi, ya rufe. Na ga ya sunkuyar da bakinta wajen ƙasa. Wani dogo mai farin wando yana juyi daidai wurin, yana dariya.

Ban san lokacin da na ratsa mata ba. Na dai tsinci kaina na cakumi babbar rigar Kawu ta baya, ina ihu da wata murya da ni kaina ban san ina da ita ba:

"Kawu kar ka harba! Da darma a ciki! Kaka ba ya gani!"

Kiɗa ya tsaya cak. Mai guɗa ta haɗiye rabin guɗarta. Dogon nan ya yi tsalle ɗaya sai ga shi bayan makaɗa. Ni kuwa takalmina ɗaya ya tsaya a hanya, ɗankwalina ya zame ya rufe mini ido guda, kuma ban saki rigar ba. Kawu ya ɗaga bakin bindiga sama, ya karya ta, ya zare harsashin, fuskarsa babu wasa. "Kin tabbata?" Na gyaɗa kai. "Na girgiza, na ji."

Aka buɗa wa Kaka hanya. Ya zo da sandarsa a hankali, ya karɓi harsashin, ya fiddo ƴar wuƙarsa ya warware naɗin bakin da ya sha wahalar yi, ya cire kwalin. "Kawo hannunki." Na miƙa. Ya zazzage.

Gero. Gero ne, jama'a, irin wanda muke surfawa kullum.

"In babu abin da ya danne albarushi, tari kawai yake yi," in ji Kaka, da ƙarfi yadda kowa zai ji. "Gero ke ba shi murya, kafin ya kai ko'ina kuma ya zama gari. Tun ba a haifi uwarki ba haka nake yi." Ya juya wajen baƙi. "Kun gani ko? Amaryata ta gaji da ni, ta zo ta yi mini shelar makanta gaban surukai."

Dariyar da aka yi, na tabbata an ji ta har kasuwa. Wata tsohuwa daga cikin dangin ango ta ce, "A'a, ku bar yarinya! Wannan ai jandarma ce. Muna da wani saurayin, a ba mu ita mu haɗa biyu!" Dogon ya leƙo daga bayan ganga ya ce, "Ni dai na gode, ƙanwata, wandon aro ne."

Kaka ya laluba aljihu ya fiddo harsashin zabi guda, ya ɗora mini a hannun dama, na biki a hagu. Ko jariri zai ji bambancin nauyi. Ni mai lura, wadda ke ganin safar mushe, na ɗauko jaka guda ta harsashi mara nauyi kamar ta auduga ban lura ba. Duk da haka Kawu bai yarda ba sai da aka auna sauran ɗaya bayan ɗaya, kuma ni aka sa, a tsakiyar fili, da takalmi ɗaya. Duka gero.

Da bindigar ta tashi, yashi ya turnuƙe, farin hayaƙi ya rufe mu, na leƙa ta cikinsa ina duba ƙafafu. Kowace tana nan tana rawa. Sai na zauna daɓas a ƙasa ina dariya da hawaye tare. Kunya kam na sha ta, har yau a lakol Jandarma ake kirana, amma wallahi da na ga ƙafafun nan lafiya ko a jikina.

Washegari Kaka ya ja kunnena a hankali ya ce, "Kin yi daidai da kika hana, kin yi wauta da kika bari sai lokacin." Na riƙe wannan. Tambayar da na ji nauyin yi gaban tsofaffi masu cin goro, ita na biya da ihu gaban rabin gari da baƙin Gidigir. Yanzu in abu ya dame ni, tun da hantsi nake faɗa, ko da sai an kama kunne kafin a ji.