Ranar da na sa tela sayar da kilishi

Samfurin shafin intanet guda na haɗa wa shagunan unguwarmu: in naɗe manhaja a ƙunshin da muke kira kwantena, in sauya suna da hotuna, in tura wa Kubernetes, tsarin da ke kunna ta, shafi ya tashi. Na yarda da kaina har na daina dubawa.

Wata Juma'a na tura shafin Alhaji Bello tela, na wuce masallaci. Ashe lambar waya kawai na canza, sauran duk bayanan wani mai kilishi ne.

Da la'asar Alhaji Bello ya same ni, a gajiye. "Ɗana, tun azahar ake kirana. Wai mai yaji suke so."

Minti biyu gyaran ya ci. Amma har yau in na ratsa layin teloli a unguwar tamu ta Briqueterie, sai wani ya tsayar da keken ɗinki: "Injiniya, kilishin nawa za a ɗinka maka?"