Yadda Za Ka Ɓoye Nasira Goma Sha Biyu a Ɗakin Kwamfuta

Idan ka bi matakan nan shida, na yi maka alkawari babu mai gane cewa kai ka rikita netwok da hannunka. Hanyar gwadaddiya ce. Razak, mai gyaran kwamfuta a unguwar Akwatialine, ya bi ta daga farko har ƙarshe, kuma yana nan da ransa.

1. Ka cika baki tun da wuri

Malam Amidu, shugaban wata makaranta a Moshi Zango, ya samu kyautar kwamfuta goma sha biyu, babu komai a cikinsu, ga shi ranar Asabar iyaye za su zo buɗe ɗakin. Razak ya ce ai ba sai an tsaya a kansu ba. Zai rubuta amsar duk tambayar da kwamfuta ke yi a fayil ɗaya, ya sa a filashi, kowacce ta ɗora wa kanta manhaja, ta jawo sauran kayan ta netwok.

"Malam, sam ko taɓa su ba na yi koraa," in ji shi.

Kai ma haka za ka faɗa, kana kaɗa makullin babur.

2. Ka bar yatsunka su yi tunani

Kowace kwamfuta tana buƙatar sunanta da adireshinta a netwok, kamar yadda kowane gida yake da nasa. Razak ya san wannan sarai. Sai dai shekara biyu ke nan yana son Nasira, 'yar Malam Amidu mai koyar da lissafi a makarantar, bai taɓa iya ce mata komai ba ban da "ya aiki?" Ranar da yake gwada fayil ɗin a shago, ya zo gurbin suna, yatsunsa suka rubuta Nasira. Adireshi ma ɗaya ya kafe, ya ce zai canza daga baya.

Kada ka canza. Ƙwararre ba ya karanta abin da ya rubuta sau biyu.

3. Ka tafi cin waake

Ka kunna su duka, ka ja ƙofa, ka nufi wurin mai waake, shinkafa da waken nan. Amfanin aikin ke nan. Ka ƙara ƙwai.

4. Ka raba laifi bisa tsari

Da Razak ya dawo, ɗaya ce ta gama. Sauran sha ɗaya sun tsaya cak, kowacce da saƙon Turanci a fuskarta cewa akwai wata Nasira a wannan adireshin. Sai ga Malam ya shigo bayansa. Malam Amidu ba gwanin Turanci ba ne, amma ya san sunan 'yarsa ko da wane irin baƙi aka rubuta shi.

A nan za ka kashe allunan duka, ka ce suna hutawa. Sai ka fara da kebul: ka zare, ka hura masa iska, ka mayar. Ka koma kan rauta, na'urar da ke raba netwok, ka kalle ta da ɓacin rai. Idan Malam bai tafi ba, ka kawo ruwan saman shekaranjiya. Kamfanin waya ka ajiye shi zuwa ƙarshe, shi ba ya zuwa ya kare kansa.

"To, kafin Asabar dai zai yiwu?" Malam ya tambaya. "Na riga na gaya ma iyaye fa."

Razak ya ce in Allah ya yarda, ya ji kunya har ƙashinsa, don tsohon ya yarda da shi.

5. Kada ka bar malamar lissafi ta shigo

A wannan matakin ne Razak ya faɗi. Nasira ta leƙo da alli a hannu, ta kunna allo ɗaya, ta karanta. Ta kunna na biyu, da na uku. Ta bi layin nan kaf, sannan ta miƙa hannu ya ba ta filashin. Ta buɗe fayil ɗin, ta goge adireshin da ya kafe, ta bar rauta ta raba wa kowacce nata, ta sa musu suna daga Aji1 zuwa Aji12. Aka sake kunnawa, suka kama aiki.

"Mene ne ya lalace?" in ji Malam.

"Baba, cunkoso ne. Ya tara mutum sha biyu a gida ɗaya."

6. Ka tsaya ka ji hukunci

Malam ya fita alwala. Nasira ta ajiye filashin a tafin Razak.

"Shekara biyu kana tambayata ya aiki, ashe inji kake gaya ma magana. Haba chale, ka ba ni kunya sosai paa." Ta kai bakin ƙofa, ta juyo. "Nasira ɗaya ce, adireshinta kuma ka sani. In da gaske kake, ka turo manyanka. Wannan ba ya ɗora kansa, sai an tsaya a kai."

Ranar Asabar aka buɗe ɗakin lafiya. Ranar Lahadi kawun Razak ya sa babbar riga, ya ɗauki goro.

Gargaɗi: mai wannan rubutu ba shi da hannu a duk abin da ya biyo baya, ko kebul da ya tsinke, ko rautar da aka zarga ba ta ji ba ta gani ba, ko ɗaurin aure. Wanda kuma ya rubuta sunan wadda ba ta son shi, shi da ubanta, ni ba na nan.