Balan-balan Mai Igiya a Hatta

Ko sunana zan manta, ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na yi wa Alhaji ƙaryar zazzaɓi ba. Alhaji maigidana ne, a shagonsa na ɗaurin kaya da ke unguwar Naif, nan ƙasar waje, nake aiki, bizata ma a hannunsa take. Zai yafe maka ɓarnar kwali goma, amma ƙarya ɗaya ta isa ya yankar maka tikitin Kano. Na san haka sarai, amma na kira shi da murya kamar ta mai barin wasiyya, sannan na faɗa motar abokina Nura muka nufi Hatta, wani gari mai duwatsu can bayan birni, gashin nama.

Ina da wata cuta, kallon bidiyon yaƙe-yaƙen da. A nan na ga yadda sojoji, tun jirage ba su yi ƙwari ba, suke ɗaure ƙaton balan-balan da igiya su sake shi sama, mutum na cikin kwando da madubin hangen nesa, yana leƙen abokan gaba yana sanar da na ƙasa. (Na sha ƙosar da mutane da labarin nan, Allah ya yafe mini.)

Nama ya fara ƙamshi ke nan na ɗaga kai, sai ga farin balan-balan a saman wata gona, ɗaure da igiya, wani baƙin abu na lilo a ƙasansa.

"Nura, kallonmu ake yi."

"Wa zai kalle ka? Juya naman nan, malam."

"Balan-balan mai igiya ba ado ba ne, leƙen asiri ne. Ni fa na san tarihi!"

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Na naɗe fuska da ƙyalle, na bi bayan duwatsu a sunkuye, in ruga, in laɓe, in leƙo, don in gano mai riƙe da igiyar. (Tsinken tsirena na hannuna, ban yarda in bar wa Nura ba.)

Igiyar ta kai ni wata babbar rumfa cike da 'yan ƙasarmu, ana walimar suna. Ashe mai ɗaukar hoto ne ya rataya kyamara a jikin balan-balan, tana nuna wa baƙi duwatsun a wani ƙaton allo. Kowa na ƙyaƙyata dariya. Na dubi allon, sai ga ni. Fuskar dai na rufe, amma rigar shago ce a jikina, sunan Alhaji ɓaro-ɓaro a gadon bayana.

Daga sahun gaba wani ya miƙe yana share hawayen dariya. Innalillahi! Alhaji.

"Sannu da jiki," ya ce. "Zazzaɓin ne ya koro ka dawa?"

"Ranka ya daɗe, da sauƙi," na ce, tsire a hannu. Wallahi na so ƙasa ta tsage.

Bai kore ni ba, ya ce dariyar da na ba shi ce ta cece ni, amma kada in kuskura in sake. Har yau "Soja" ake kirana a shago.

Da zan tafi, mai hoton ya ja ni gefe. "Ɗan'uwa, da kuna zaune ko lura da ku ban yi ba. Sai da ka fara sanɗa na juyo da kyamarar."

Tun ranar, in na yi laifi na ga abu a sama, zama nake in ci namana.